Yadda Ya Kamata A Tuna Da Turawan Mulki Na Lardin Zazzau

Tambayar da wannan takarda ta ke so ta duba ita ce: Turawan mulki da suka yi aiki a Lardin Zazzau tun daga 1902 har zuwa bayan samun mulkin kai, watau su Razdan da Di'o da mataimakansu, shin akwai wani hakki na tunawa da ya rataya a wuyanmu game da su? In kuwa akwai, wane iri ne, kuma su wa za a raba wa shi?

Ba a kanmu aka fara wannan tambaya ba. A 1966 Sarauniya Elizabeth ta buɗe wani allon dutse a majami'ar Westminster ta birnin Landan domin tunawa da dukan waɗanda suka yi wa gadon sarautar Ingila aiki a ƙasashen da ta mallaka. A Ostareliya kuma, tsofaffin Turawan sintiri da suka yi aiki a Papuwa Niyu Gini, waɗanda mutanen can ke kira kiap, sun daɗe suna kuka cewa ƙasarsu ta manta da su, har a 2013 aka fara ba su lambar girma ta 'yan sanda masu aiki a ƙasashen waje, saboda aikin da suka yi tsakanin 1949 da 1973. To, waɗannan duka gwamnatoci ne suka sāka wa 'ya'yansu da suka aika. Wanda ya yi aike shi ya san ladan da zai ba ɗan aikensa. Mu kuwa a kanmu aka yi aikin, saboda haka ma'aunin da za mu auna da shi dole ya bambanta da nasu.

Kafin a yi awo sai a san abin da za a auna. Turawa sun shigo Zazzau a 1902, zamanin Sarki Kwasau, wanda ya nemi taimakonsu a kan Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse na Kontagora da ke cin garuruwansa. Suka kama Nagwamatse, amma shekarar ba ta ƙare ba sai da suka kama Kwasau kansa, bayan Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney a watan Oktoba. A 1903 aka naɗa Aliyu Ɗan Sidi. Daga nan aka kafa tsarin da ya zauna har shekara sittin: Sarki da alkalinsa da majalisarsa suna cikin ganuwa, Razdan da ofishinsa suna waje, can arewa, ƙetaren Kubanni. Mai son ganin Bature sai ya fita ta Ƙofar Doka, Bature kuma in zai ga Sarki sai ya shigo ta nan. A takarda Razdan mai ba Sarki shawara ne kurum. Amma shawara ce wadda ba a ƙi, kuma sarakuna biyu na farko da suka zauna da Turawa, Kwasau da Ɗan Sidi, duka tuɓe su aka yi. Ɗan Sidi a Lokoja ya rasu a 1924.

Turawan nan ba su da yawa ko kaɗan. Gab da Yaƙin Duniya na Biyu, Turawan mulki na Nijeriya duka ba su kai 400 ba, a kan mutane wajen miliyan 20. Masu yabonsu su kan kawo wannan lissafi su ce, dubi 'yan mutane ƙalilan da suka riƙe ƙasa mai faɗi haka ba tare da rundunar soja a kowane gari ba. Lissafin gaskiya ne, sai dai abin da ya ke nunawa shi ne yawan hannuwan da ba na Turawa ba da ke cikin aikin. Wannan shi ne gindin maganarmu, kuma babu inda ya fi fitowa fili kamar wurin rangadi.

Rangadi shi ne ran aikin Di'o. Tun 1907 aka yanka ƙasar Zazzau gunduma-gunduma, aka umurci masu sarauta su bar birni kowa ya tafi ya zauna cikin ƙasarsa, maimakon yadda aka saba a dā, inda mai sarauta ke zaune kusa da fada, garuruwansa a warwatse, jakadu ke karɓo masa haraji. Da hakimai suka fita sai ya zama dole a riƙa bin su ana duba su. Di'o ya kan tashi daga Zariya ya yi mako biyu ko uku, wani lokaci wata guda, yana bin garuruwa a kan doki, daga baya a mota inda hanya ta yarda. A kowane babban gari akwai barikin da aka gina masa. In ya sauka sai ya duba littafin haraji ya gwada shi da rasit ɗin da ke hannun talakawa, ya duba littafin alkali, ya leƙa gidan yari ya ga ko akwai wanda aka tsare ba da shari'a ba, da damina ya ƙidaya shanu saboda jangali, ya duba rijiya da hanya da kasuwa, da dare kuma ya zauna gaban fitila ya rubuta rahoto. Aiki ne mai wuya, musamman a shekarun farko da zazzaɓi ke kashe su. Wannan kam ba abin musu ba ne.

Amma fa a tuna, abin da a ke kira Di'o ya fita rangadi ayari ne guda. Akwai wakilin Sarki da ke tafiya tare da shi, don kada a ce Bature ya yi magana da talakawan Sarki a bayan idonsa. Akwai masinja, wanda sau da yawa shi ne tafinta, shi ne kuma ƙofar da mai ƙara zai bi. Akwai dogari ko ɗan doka, da kuku, da boyi, da mai kula da doki, da 'yan alaro masu ɗauke da akwatuna da gado da tebur da bahon wanka a ka. Hakimi zai tarye shi a iyakar ƙasarsa, dagaci ya sa a share bariki, a kawo itace da ruwa da ƙwai da harawa. Malamin haraji shi ya rubuta sunayen da Di'o ke dubawa, mai unguwa shi ya san gidan da aka ɓoye. Rahoton da ya isa Kaduna da sa hannun Bature ɗaya, ilmin mutum ashirin ne ke cikinsa. In an ce a yaba wa aikin, to, da wane dalili za a tsaya kan mai sa hannu?

Haka nan in an zo wajen zargi. Hausawa su kan ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, kuma tsofaffin Turawan mulki da yawa sun jingina da irin wannan magana cikin littattafan da suka rubuta bayan sun yi ritaya: in an ci talaka, masinja ne ko hakimi, Bature bai sani ba. A ganina wannan uzuri bai isa ba. Tsarin da ya sa talaka ba shi da hanyar kai kuka sai a gaban wakilin Sarki da yaran hakimin da ya ke ƙara, ba masinja ne ya shirya shi ba. Di'o mai hankali ya san haka, shi ya sa waɗansu su kan fita da yamma su kaɗai, da sunan harbin zabi, don su sami mai gona ya yi musu magana ba shaida. Waɗanda suka iya Hausa sosai suka yi haka sun ji abin da sauran ba su ji ba. Waɗanda ba su damu ba kuwa sun gama shekarunsu suna ganin abin da aka shirya musu su gani.

Saboda haka ba shi yiwuwa a yi musu kuɗin goro. Sai an kira su ɗaya ɗaya.

Razdan na farko shi ne Kyaftin Abadie, wanda Zage-zagi suka laƙaba wa Mai Jimina. Da shi aka kama Kwasau, da shi kuma rundunar Kanar Morland ta tashi daga Zariya a ƙarshen Janairu 1903 ta ci Kano ran 3 ga Fabrairu. Zazzaɓi ya kashe shi a ƙasar Kano a 1904, yana da wajen shekara 30. A Ingila an rubuta sunansa a bango, a Zazzau kuwa laƙabinsa ne ya zauna. Bayansa Kyaftin Orr ya riƙe lardin, ya kuma rubuta littafi a kan kafuwar mulkin Turawa a Arewa wanda ya fito a 1911. Sa'an nan ga E. J. Arnett, wanda mu masu nazarin Hausa da tarihi ba mu da ikon tsallake shi: shi ya tattara kundin bayanin Lardin Zazzau na 1920, shi kuma ya fitar da fassarar Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1922. Duk ɗalibin da ya taɓa neman jerin sarakunan Zazzau ya ci moriyar Arnett, ko ya sani ko bai sani ba. Amma Arnett bai ƙirƙiro jerin ba, daga malaman birni ya samo shi, kuma sunayensu ba su samu shiga bangon littafi ba.

Wannan bashi na ilmi ya fi kowane nauyi a kanmu, shi ya sa ya kamata a daɗa tsayawa a kansa. Littattafan tatsuniyoyi na Frank Edgar, juzu'i uku da suka fito tsakanin 1911 da 1913, Baturen mulki ne ya tattara su, malamai ne suka rubuta su da ajami. Manjo Tremearne ya ɗebo tatsuniyoyi da al'adu masu yawa a Zariya da Jama'ar Daroro, ya buga su a 1913, har yau a kan koma gare su. Shi wannan Tremearne ɗin dai shi ne ya rubuta wani littafi a 1912 a kan sintirin da ya yi da soja cikin ƙabilun kudu, inda a ke ƙone gidaje don a tilasta biyan haraji, kuma sunan littafin kaɗai ya isa ya nuna irin idon da ya ke duban mutanen da shi. Mutum ɗaya ne, hannu ɗaya ne ya rubuta biyun. Wanda ya ce a yabe shi kurum ya ɓoye rabi, wanda ya ce a jefar da shi kuma sai ya gaya mana inda za mu sami tatsuniyoyin.

Kalmar sintiri ma tana bukatar a yi hattara da ita. A cikin ƙasar Hausa ta arewacin lardin, rangadi a ke yi, da littafi da alƙalami. A kudu kuwa, cikin duwatsu, a shekarun farko sintiri na nufin Baturen mulki tare da soja da bindiga. Bayan bindiga ta yi shiru aka bar mutanen a hannun hakimai da aka aiko daga birni, abin da ya jawo tashin hankali a Zangon Katab a 1946, aka kuma kai kukansa gaban hukumar Willink mai binciken ƙorafin ƙananan ƙabilu a 1957 da 1958. Duk wata tunawa da za a shirya a cikin ganuwar Zariya, in ba ta tuna cewa Lardin Zazzau bai tsaya a ganuwa ba, to, mutanen kudu ba za su gane ta ba.

A cikin garin Zariya kansa akwai abin da ya faru a 1912 wanda labarinsa ya kai har majalisar dokokin Ingila. Waɗansu akawuna 'yan Kudu suna wasan ƙwallo, Baturen mulki Laing ya zo wucewa, ba su faɗi sun gaishe shi yadda ya ke so ba, sai ya sa aka yi musu bulala a bainar jama'a. Jaridun Ikko suka ɗauka, haka ma mujallar da Duse Mohamed Ali ya fara bugawa a Landan a wannan shekara. Laing bai rasa aikinsa ba. Ga kuma aikin tilas: na diga, sa'ad da a ke shimfiɗa hanyar jirgi da ta iso Zariya a 1911, wanda Sarki Aliyu Ɗan Sidi ya yi wa waƙa, da na haƙar kuza a Jos tsakanin 1942 da 1944, sa'ad da aka yanka wa kowace gunduma yawan mutanen da za ta bayar, da yawa kuma sanyi da cuta suka kashe su a can. Umurnin daga sama ya zo, amma Di'o da hakimi su suka cika adadin.

A ɗaya gefen ma'aunin akwai abubuwa masu nauyi. Harin bayi ya tsaya, hanyoyi suka yi lafiya, kuma ba Bature ne kaɗai ya faɗi haka ba: Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta a Giwa a 1949 da 1950, ta ba da labarin yadda mahara suka kama danginta, da yadda abin ya ƙare bayan zuwan Turawa. Ko da ya ke ita bautar kanta an bar ta ta mutu a hankali, ba a soke ta da doka gaba ɗaya ba sai 1936. Akwai L. C. Giles, Di'o ne da ya zauna cikin ƙauyukan Zazzau ya rubuta rahoto a 1937 a kan bashi da tattalin manomi, daga baya ya yi aiki tare da Abubakar Imam a Gaskiya Ta Fi Kwabo. Akwai C. W. Cole da bincikensa a kan mallakar gonaki a lardin a ƙarshen shekarun 1940. Akwai kuma aikin Anchau da aka fara a 1937 don yaƙi da ciwon barci, inda aka sare kurmin rafuka, aka haƙa rijiyoyi, aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. Likitoci da masu nazarin ƙudan tsando su suka tsara shi, Turawan mulki da hakimai suka aiwatar, talakawa kuma su suka riƙe gatari.

To, yaya Zazzau ita kanta ta yi da waɗannan mutane? Ba ta jira gwamnati ba, tana da hanyarta tun dā, watau laƙabi. Mai Jimina mun ambace shi. Hanns Vischer ya zama Ɗan Hausa, gidansa na Kano ma da wannan suna aka san shi. Sharwood Smith, wanda ya fara daga ƙaramin Di'o har ya zama Gwamnan Jihar Arewa, shi ne Mai Wandon Ƙarfe. Laƙabi hukunci ne da jama'a ke yankewa ba tare da an tambaye su ba, wani na ƙauna, wani na tsoro, wani na ba'a, kuma mai shi ba shi da ikon ɗaukaka ƙara. Abin lura kuma, da Kwalejin Barewa, wadda ta komo Zariya a 1949, ta zo sa wa ɗakunan kwanan ɗalibai sunaye, Turawan da suka samu shiga su ne gwamnoni irin su Lugard da Clifford, da malaman makaranta irin su Ɗan Hausa da Mort. Di'o mai rangadi bai samu ɗaki ba. Wanda ya koya maka karatu ka kan riƙe sunansa, wanda ya zo ƙidayar haraji kuwa shekara biyu ya yi aka canja shi, wani ya zo.

Shaidar mutanen Arewa da suka yi aiki tare da su ita ma ba a yi mata kuɗin goro. Abubakar Imam, da ya je Ingila a 1943, ya gana da Lugard, ya kuma rubuta masa doguwar wasiƙa a kan illolin da ke cikin mulkin En'e. A watan Agusta 1950 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a Majalisar Wakilai ta Kaduna ya nemi a binciki tsarin duka, domin talaka ba shi da murya a cikinsa. Waɗanda aka ba aikin binciken kuwa Di'o-Di'o ne biyu, Maddocks da Pott, kuma gyare-gyaren da suka biyo baya su suka kai ga dokar En'e ta 1954. Waɗannan mutane ba su ƙi Turawan mulki ba, da yawa abokansu ne, amma abota ba ta hana su faɗin abin da suka gani ba.

Akwai wani rukuni da a kan manta da shi ɗungum. A 1957, a Makarantar Koyon Aikin Mulki da ke Kongo, nan Zariya, aka buɗe kwas na horar da 'yan Arewa su zama Di'o, a hannun A. H. M. Kirk-Greene, wanda shi kansa tsohon Di'o ne, daga baya kuma ya zama babban marubucin tarihin wannan aiki, ya rasu a 2018. Samarin da suka fito daga Kongo su suka karɓi ofisoshin da Turawa suka bari. A 1962 aka soke muƙamin Razdan aka kawo kwamishinan lardi, amma Di'o ya ci gaba, baƙar fata a kujerar, har gyaran ƙananan hukumomi na 1976. Watau aikin ya yi shekara goma sha shida bayan samun mulkin kai, da littafinsa da rangadinsa da masinjansa. In ana maganar hidimar Di'o a Zazzau, waɗannan ma Di'o ne.

Daga duk abin da ya gabata, ni dai ban ga wurin lambar girma ko gunki ko allon tagulla a Ƙofar Doka ba. Lamba ba ta iya ɗaukar Arnett da Laing tare ba tare da ta yi ƙarya a kan ɗayansu ba. Abin da ya dace da mu, kuma ya ke cikin ikon sashen jami'a, shi ne kundi: jerin dukan waɗanda suka riƙe Razdan da Di'o a lardin, da shekarunsu, da laƙabinsu in yana da shi da dalilin laƙabin, da abin da kowa ya aikata mai kyau da mummuna gwargwadon abin da takarda da baki suka tabbatar. A gefen kowane suna kuma a sa na waɗanda suka yi tafiya da shi: masinja, da tafinta, da wakilin Sarki, da malamin da ya ba shi labari. Kayan aikin suna nan. Fayilolin Lardin Zazzau suna Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, da rahotannin shekara da na ƙiyasin haraji gunduma-gunduma, sunayen ƙananan ma'aikata kuwa su kan fito a takardun albashi da na sallama da na ƙararraki. Gidan Arewa yana da nasa, wasiƙu da littattafan tunawa na Turawan kansu kuma suna ɗakin karatu na Jami'ar Oxford.

Abin da ba ya cikin fayil shi ne laƙabin da labarin da ke bayansa, kuma shi ne ke saurin ɓacewa. Wanda ya ga rangadin Bature da idonsa yana ɗan shekara goma a 1955, yau ya haura tamanin. A nan ne malaman kwalejojin horon malamai za su fi kowa amfani, domin ɗalibansu daga Soba da Ikara da Maƙarfi da Kauru da Kachiya su ke zuwa, kuma kowa ya kan koma gida da hutu. A ba kowane ɗalibi tambayoyi kaɗan ya kai wa tsofaffin garinsu: ina barikin Di'o ya ke a dā, wa ke share shi, wane Bature a ke tunawa da wane suna, wa ya yi masinja, wa aka ɗauka zuwa kuza, ya komo ko bai komo ba. A rubuta amsar da Hausar mai maganar, da sunan garin da ranar da aka ɗauka, sa'an nan a kawo sashe a gwada ta da abin da fayil ɗin wannan shekara ya ce.